Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Awa Huɗu da Rabi da Ta Koma Shida da Rabi

Tun kafin mu haɗa kaya gardamar awoyi ta tashi a gidanmu. Ni aka wakilta in raka Gwaggo, yayar mahaifinmu, zuwa Umara a watan Nuwamban 2024, saboda ƙafa ta fara damunta, mai gidanta kuma Allah ya yi masa rasuwa. Ba baƙuwar hanya ba ce. Ta sauke farali tun ina firamare, ta sake komawa Umara kafin annobar korona, kuma abin da ta sani shi ne in jirgi ya ɗaga daga Kano, awa huɗu da rabi ya dira a Jidda. Da na karanta mata takardar tikiti, tashi ƙarfe 11:30 na dare, sauka ƙarfe 8:00 na safe, sai ta ƙirga da yatsu ta ɗago ta dube ni.

"Babana, awa takwas da rabi fa ke nan. Ko dai yada zango za a yi da mu a wata ƙasa ba su faɗa maka ba?"

Sunan mahaifinta na ci, shi ya sa ba ta kama sunana. Na ce mata lokacin sauka da ake rubutawa a tikiti na garin da za a sauka ne, agogon Saudiyya kuwa yana gaban namu da awa biyu, in an cire biyun saura shida da rabi. Ta ce ta ji wannan, to sauran biyun da suka ƙaru fa, daga ina suka ɓullo? Makka dai ba ta matsa daga inda take ba. Na kira wanda ya yi mana biza, bai ja zancen ba: "Alhaji, ai Sudan a rufe take. Zagaye ake yi."

Tsakanin Kano da Jidda, in aka ja miƙaƙƙen layi a taswira, wajen kilomita 3,400 ne, wato kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas ta sama sau huɗu. Layin yana bi ta kan Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu, ya faɗa Bahar Maliya, sai Jidda a ɗaya gaɓar. Jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in ya daidaita a sama, in aka haɗa da hawa da saukowa da ɗan jira a titin jirgi, lissafin Gwaggo ya fita daidai. Amma tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF, rundunar kai ɗaukin gaggawa ta Hemedti, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Alhazan shekarar su suka fara ɗanɗanawa, don kamfanonin jigila sun nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mutum saboda man da zagayen zai ci. Daga baya an buɗe ɓangaren gabas, wajen Port Sudan, amma yammaci da tsakiyar ƙasar, inda hanyarmu take, suna nan a rufe lokacin da muka tafi.

Na yi canji a Wapa, inda ake hada-hadar matafiya Makka tun zamanin kamfanin jigilar alhazai na Alhaji Mahmud Ɗantata. Riyal ɗaya ya haura naira 400 a ranar, guzurin da ya cika leda da na fito daga gida ya koma 'yan takardu da ba su cika aljihun gaban riga ba. A jakar Gwaggo akwai garin kunu, yaji, kuka da daddawa. Goro ne aka sha fama da ita kafin ta haƙura, don Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma ba na son tsohuwa ta kwana a hannun jami'ai saboda ƙwarya guda.

Filin jirgin Malam Aminu Kano mun isa shi bayan sallar Isha'i. Aka auna kaya, kwastan da masu binciken ƙwayoyi suka buɗe jakunkuna, ɗaya daga cikinsu ya shinshina ƙullin daddawa ya mayar yana murmushi, aka duba katin rigakafi, jami'an shige da fice suka buga hatimi. Hunturu ya fara leƙowa, ga ɗan hazo a fitilun waje. Gwaggo ba ta son hazo da jirgi a wuri ɗaya. Tana amarya aka yi haɗarin 22 ga Janairun 1973, lokacin da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya faɗi wajen sauka a wannan fili, mutum 176 suka rasu, kuma har yau in ta ba da labarin ranar sai ta ambaci yadda gari ya yi fari fat. Ta ja carbi har aka kira mu.

Jirgin ya ɗaga kusan a kan lokaci. Na riga na ɗaura zanen harami na ƙasa tun daga gida, na ɗora jallabiya a kai, don na ji labarin layin banɗaki in an kusa miƙati. Da aka kashe fitilar ɗaura bel na kunna ɗan allon da ke bayan kujerar gabana na nemi taswira. A nan na ga abin da ido. Maimakon hancin jirgin ya fuskanci gabas maso arewa inda alƙibla take, sai ya karkata kudu maso gabas. Muka bar Najeriya ta kan Kamaru, muka nufi Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Jidda tana can sama a kusurwar allon, mu kuwa muna ta gangarawa ƙasa kamar masu guje mata. In miƙaƙƙen layin nan tsirkiya ne, to mu bakan muka bi, kuma da na haɗa nisan da muka ci da wanda ya rage, sai na ga abin ya tasam ma kilomita 5,000.

Na nuna wa Gwaggo. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a kan faffaɗan wurin da muke kewayewa. "Nan ce Sudan ɗin?" Na ce ita ce. Ta ce, "Ikon Allah. Ta nan Malam ya bi da ƙafarsa."

Labarin kakana ne, wanda na sha ji tun ina yaro, amma ban taɓa jin sa ina kallon ƙasar da abin ya faru ba. Ya bar gida yana saurayi da ayarin mahajjata, suka bi ta Borno, suka shiga Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, suka wuce Abeche, suka ƙetare zuwa Junaina a Darfur. Inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago, ko a yi damina guda ana noma, ko a koyar da yara allo. Ya yi aikin tsinkar auduga a gonakin Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, har ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Shekaru ya yi kafin ya dawo, a gida har an fara fid da rai. Da yawa daga abokan tafiyarsa ba su dawo ba, wasu ajali ya riske su a hanya, wasu sun yi aure sun zauna. Wannan hanya ce dai jiragen sama suka gada. Jiragen farko da suka taɓa sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila, ranar 1 ga Nuwamban 1925, daga Masar suka taso suna yada zango ta Sudan da Fort Lamy na tsawon kwanaki kafin su dira a filin wasan dawaki. A yaƙin duniya na biyu ma ta Kano da Maiduguri da El Fasher da Khartum ake tura jiragen yaƙi zuwa Alƙahira. Duk wanda zai yi gabas daga ƙasar Hausa, da ƙafa ne ko da raƙumi ko da babbar mota ko da jirgi, Sudan ce ƙofarsa.

Saurayin da ke zaune kusa da ni ta ɓangaren hanya yana jin mu, sai ya sa baki cikin ladabi. Ɗalibin likitanci ne a Khartum lokacin da yaƙin ya fara, cikin azumi. Ya ce kwanakin farko a ƙarƙashin gado suka yi su, ba ruwa ba wuta, suna jin jiragen yaƙi. Da aka samu motocin kwaso ɗalibai, sai aka yi arewa da su cikin hamada zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a bakin iyaka suna kwana a ƙasa kafin a bar su su shiga, daga Aswan aka ɗauko su zuwa Abuja a farkon watan Mayu. Takardunsa da littattafansa suna can. Ya ce, "Baba, da can in mun taso daga Jidda nakan leƙa taga in ga fitilun garuruwan bakin Nilu. Yanzu ko ta sama ba a bari mu wuce." Gwaggo ta miƙa masa dabino, ta yi masa addu'ar Allah ya sa ya ƙarasa karatunsa.

Aka kawo abinci wajen ƙarfe ɗaya, shinkafa da kaza, ɗan burodi, da ruwa a ƙaramin kofi mai murfi. Ba mu gama ba jirgin ya shiga gargada. A Kano damina ta daɗe da ɗaukewa, amma a sararin Afirka ta Tsakiya hadari na nan da ƙarfinsa. Ta taga ina hango walƙiya tana haska cikin giragizai daga nesa, ba ƙara, sai haske kawai, wani gajimaren ya yi tsiri har ya fi mu tsawo alhali allo na nuna muna ƙafa 37,000 daga ƙasa. Shayi ya zube wa wata mata a bayanmu, salati ya tashi ko'ina. Ma'aikatan jirgin suka tura kekunansu suka zauna suka ɗaure. Wannan ma yana cikin kuɗin zagaye da ba a rubutawa a tikiti, don tsohuwar hanyar ta kan hamada take bi, inda sama take a washe a irin wannan lokaci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a daren shi ne gajartarsa. Agogon hannuna na kan lokacin Kano, yana nuna uku da 'yan mintuna, sai na ga wani jan zare ya keto a gabas. Alfijir ne. Mun bar sararin Sudan ta Kudu muna shiga Habasha, mun yi gabas sosai, mun tari rana a hanya. Wani malami a layin gaba ya miƙe ya ce jama'a Asuba ta yi, kada a biye wa agogo. Nan aka ɗan yi ka-ce-na-ce, wani dattijo ya dage cewa shi bai taɓa sallar Asuba ƙarfe uku ba, sai da aka ɗaga masa murfin taga ya gani. Gwaggo ta zuge jakar hannunta ta ciro wani ɗan dutse mai sulɓi, bai fi rabin tafin hannu ba, wanda ya yi baƙi saboda shafa. Da shi ta yi taimama a Hajjinta. Dutsen ya zaga layinmu da na bayanmu, hannu zuwa hannu, kowa ya shafa ya miƙa gaba, muka yi salla a zaune.

Da gari ya waye sai ga duwatsun Habasha a ƙarƙashinmu, tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, da kwazazzabai masu zurfi da inuwa ba ta bar cikinsu ba tukuna, da 'yan gonaki a daddatse a jikin tudu. A daidai nan awa huɗu da rabi ta cika. Da a da ne, yanzu muna jiran kaya a Jidda. Ƙafafun Gwaggo sun kumbura har silifa ta matse ta, na tashe ta muka taka zuwa bayan jirgi muka dawo tana dafe da kujeru. Awa biyu a baki ba komai ba ce, amma ga mai shekara saba'in da ɗoriya, mai hawan jini, a kujerar da gwiwa ke taɓa ta gaba, aba ce mai nauyi. Na ga tsofaffi da dama a jirgin nan da suka galabaita a wannan ƙarashen.

Muka fito kan Bahar Maliya ta kudu, jirgin ya juya arewa ya bi tsawonta. Matuƙi ya yi sanarwa da Larabci da Turanci cewa saura rabin awa mu daidaita da miƙati, wani ma'aikaci ya maimaita da Hausa. Da yake ta kudu muka ɓullo, Yalamlam ce miƙatinmu, wadda mutanen Yaman ke ɗaukar harami a cikinta. Na tuɓe jallabiya na yafa mayafin, sanyin jirgi ya ratsa ni. Da aka ce an iso, jirgin gaba ɗaya ya ɗauki Labbaika, maza da ƙarfi, mata a hankali, har waɗanda ɗazu ke nishi saboda ciwon baya. Ruwan tekun shuɗi ne mai duhu, wajen gaɓa kuma ya koma kore-kore inda murjani yake. Ƙarfe takwas saura muka taɓa ƙasa a filin jirgin Sarki Abdul'aziz.

Layin shige da fice ya ɗan ja, aka ɗauki hoton yatsu da na fuska. Yatsun Gwaggo sun sha lalle da aikin shekaru, na'urar ta ƙi karɓa sai da jami'in ya ba ta wani mai ta shafa, yana ce mata "ya Hajja" cikin haƙuri. Muka sayi layin waya, muka yi ciniki da mai tasi a kan riyal 200 zuwa Makka, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. A Shumaisi akwai shingen jami'an tsaro da allon da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai ratse, suka leƙo suka ga harami suka ɗaga hannu. Masaukinmu a Misfala yake, can ƙasan titin Ibrahim Khalil, ita a ɗakin mata mutum huɗu, ni a na maza. Sai bayan La'asar, da ta yi barci kumburin ya sauka, na tura ta a keke muka yi ɗawafi da sa'ayi. Safa da Marwa sau bakwai ya kai kilomita 3, na ji shi a kafaɗuna, amma da ta ga Ka'aba ta fashe da kuka na manta da gajiyar.

Abincin otal bai karɓe ta ba. Shinkafar bukhari da gasasshiyar kaza ta yi mata maiƙo, burodin tamis da wake ne kawai take iya ci da safe. Wani ɗan ɗakinmu ya kwatanta mini Shara Mansur, inda Hausawa mazauna Makka suke, can ake samun tuwon shinkafa da miyar kuka na riyal 10, har da fura. In ka rufe ido ka saurari hayaniyar wurin sai ka rantse a Fagge kake. A nan muka haɗu da mutumin da har yau yake raina.

Dattijo ne fari tas da furfura, da farar jallabiya da rawani irin na Sudan, yana cin tuwo shi kaɗai. Ya ji muna hira ya yi mana sallama da wata Hausa mai daɗin ji, tsohuwa, da Larabci a cikinta jefi-jefi. Ya ce asalinsu Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato, da aka kashe shi a Burmi a 1903 suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin. Shi a Wad Madani ya yi rayuwarsa, yana da shagon kayan masarufi. A watan Disamban 2023 dakarun RSF suka shiga garin. Ya fita da iyalinsa da abin da hannu zai iya ɗauka, suka bi ta Gadarif da Kassala har Port Sudan, ɗansa da ke aiki a Jidda ya yi masa takardu.

Na tambaye shi awa nawa ne daga Port Sudan zuwa Jidda. Ya ce, "Ɗana, ai ko awa ɗaya ba ta cika ba. Kafin ka gama shan shayi an ce a ɗaura bel. Kilomita ɗari uku ne da 'yan kai. Amma daga ƙofar gidana zuwa Port Sudan, wata biyu na yi." Bai taɓa ganin Kano ba. Ya tambaye ni ko Dala da Gwauron Dutse suna nan yadda kakarsa ke faɗa, ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata. Gwaggo ta ba shi labarin mahaifinta da gonakin auduga, ya ce gonakin nan yanzu ba mai shiga, magudanan ruwan sun bushe. Su biyun suka yi shiru. Ta kwance bakin zaninta ta ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ƙi karɓa, sai da ta ce sadakar Malam ce, wanda mutanen Jazira suka ciyar lokacin ba shi da kowa.

Ni kaina da ƙorafin awa biyu na shiga jirgin nan, kuma haka na ji mutane suna yi a Kano, ana cewa yaƙin Sudan ya sa kujera ta yi tsada. Gaskiya ne ya sa. Amma ciwon da nake ji shi ne yadda a wurinmu labarin ya tsaya a kan farashin tikiti, alhali miliyoyin mutane sun bar gidajensu, cikinsu har da masu jin yarenmu, jikokin waɗanda suka shayar da kakanninmu ruwa a hanyar Makka. Masallatanmu sun san yadda ake alƙunutu da tara taimako in masifa ta auka wa Musulmi a nesa. Sudan ta fi cancantar haka a wurinmu fiye da yadda muke yi mata.

Madina a jirgin ƙasa na Haramaini muka tafi, wanda aka buɗe a 2018. Kilomita 450 ne, yana gudun 300 a awa, cikin awa biyu da kusan rabi muka isa, kujera ɗaya ta haura riyal 150. Gwaggo ta ce a Hajjinta wuni guda suka yi a bas a wannan hanya. Madina ta fi Makka sanyi da natsuwa, muka yi ziyara, muka je Ƙuba da Uhudu, ta sayi dabinon ajwa da carbuna na tsaraba. Komawa Jidda kuwa a bas aka kwashe mu cikin dare saboda kaya, tafiyar kilomita 400 da wani abu, aka sauke mu a filin jirgi tun kafin Asuba. Zaman bas da zaman jira in aka haɗa sun fi zaman jirgin kansa tsawo. Kowa ya sayi jarkar Zamzam mai lita 5 da aka yarda a ɗauka, a naɗe cikin kwalinta, aka auna mu, masu kayan da suka wuce kima suka durƙusa suna rage barguna da tulunan shayi.

A wurin jiran ne ta karɓi takardar ta sa na karanta mata: tashi ƙarfe 10:00 na safe, sauka Kano 2:30 na rana. Fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi! Huɗu da rabi. Babana, an buɗe hanyar ke nan? An yi sulhu?" Na so a ce haka ne. Na ce mata a'a, wannan karon agogo ne ya juya, awa biyun da aka ƙara mana a zuwa ita aka cire a dawowa, zaman jirgi yana nan shida da rabi. Ta mayar mini da takardar ta ce Allah ya kawo musu ƙarshensa.

Dawowar da rana ce, na ga abin da duhu ya ɓoye mana a zuwa. Bayan duwatsun Habasha ƙasa ta baje ta yi kore, ga Farin Nilu yana lanƙwasa cikin fadamun Sudan ta Kudu, ruwa na ƙyalli ta ko'ina. Sai dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga hanya ko rufin kwano ba. Rana kuwa ta ƙi gusawa, muna binta tana binmu, agogon Saudiyya na cewa La'asar ta yi, taga na cewa yanzu aka yi Azahar. Da muka shigo arewacin Kamaru koren ya fara dishewa, kafin mu kai Kano ƙasa ta ɓace cikin farin hazo. Gwaggo ta kama hannuna. Ba mu ga komai ba sai da rufin gidaje suka bayyana kusa, tayoyi suka daki ƙasa, jirgin ya ɗauki kabbara.

A waje muka tarar da yara da jikoki sun cika mota biyu, leɓunansu duk sun bushe da iskar hunturu, mu kuwa muna zufa da kayan zafin Jidda. Aka yi kwanaki ana zuwa sannu da zuwa, ana kurɓar Zamzam a ƙananan kofuna.

Cikin masu zuwa akwai maƙwabcinmu da ke shirin kai mahaifiyarsa Umarar azumi, ya zaunar da ni yana tambaya. Na ce masa kafin ya biya ya tambayi ta inda jirgin zai bi da awoyin zama na ainihi, kada ya tsaya ga abin da ke rubuce a tikiti. Masu bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha wani lokaci sun fi sauƙin kuɗi, amma Kano zuwa Addis kaɗai ya kai kilomita 3,300, ga sauran 1,400 zuwa Jidda, ga zaman jiran canjin jirgi, tsohuwa ba za ta ji daɗinsa ba. Ya nema mata kujerar gefen hanya don ta riƙa miƙe ƙafa, magungunanta su zauna a jakar hannu, a ci gaba da ba ta su bisa agogon Kano har a sauka. In kuma jirgin dawowarsu na rana ne kuma sun ɗauki azumi, ya sani yinin zai ƙaru da kusan awa biyu, don sahur ɗin na Jidda ne, buɗa-bakin na Kano.